Kaset ɗin Agwagwa da Lema

Ƙararrawa na kaɗawa aji ya motsa. 'Yan kusurwar haruffa suka kwashe murafen kwalba suka zuba a gwangwani, suka nufi tabarmar littattafai. 'Yan tabarma suka miƙe zuwa teburin rubutu. 'Yan teburin rubutu kuma suka yo kusurwar sauraro a guje, kowa na son ya riga kowa. A nan komai ya tsaya cak.

"Malama! Ɗigo ta ƙi tashi!"

"Malama, cizona ta yi! Duba hannuna!"

Malama ta dire ƙararrawar ta ratsa tsakanin bencina. Ɗigo na ƙarƙashin tebur a dunƙule, ta rungume tsohuwar rikoda a ƙirji, ta danne hedifon da kafaɗu biyu. Duk aji ɗaya babu wanda ya kai ta ƙanƙanta, shi ya sa uwarta ta laƙaba mata sunan, ya kuma bi ta har makaranta.

"Ɗigo, 'yar albarka, fito mana. Lokacinki ya ƙare, ga 'yan uwanki na jira."

Ko gezau. Idonta a rufe, leɓenta na motsi.

Tsarin kusurwoyin nan Malama ce ta kawo shi makarantar, kuma ta sha wuya a kansa. Hutu guda ta cinye tana yankan kwali, tana rubuta haruffa a cikin murafen kwalba, tana ɗinke littattafan da suka yage da zare da allura. Ta raba yara rukuni huɗu, kowane rukuni da kalarsa. Dokar ɗaya ce tal: ƙararrawa ta kaɗa, ka saki abin da ke hannunka, ka matsa gaba. Idan mutum ɗaya ya toge, duk layin ya cushe, ita kuma ba ta isa ta zauna da masu raunin karatu ta ja su ba.

Kusurwar sauraro ita ce abin alfaharinta. Yaro zai sa hedifon, ya buɗe littafi, ya riƙa bin layi da yatsa yayin da murya ke karanta masa. A farkon shekara ta roƙi iyaye su zo su karanta a ɗauki muryarsu, don yara su ji muryar gida. Kowa ya kawo uzuri. Mutum ɗaya ce ta zo, Maman Ɗigo, tela, bayan an tashi makaranta, da tef ɗin awo rataye a wuya da guntayen zare manne a hannun riga.

"Ni fa karatuna na a-hankali-a-hankali ne, Malama. Kada yaranki su yi min dariya."

"Irinsa muke nema ai."

Ta zauna ta karanta ɗan littafin Agwagwa da Lema, tana tuntuɓe tana dariya, tana tsawata wa Ɗigo a tsakiya. Malama ta so a sake ɗauka, sai Maman Ɗigo ta ce a'a, ɗinkin mutane na jiranta. Haka aka bar shi.

Zango bai kai rabi ba ciwo ya kwantar da Maman Ɗigo. Ba ta tashi ba.

Tun da Ɗigo ta dawo makaranta ba ta kuka, ba ta magana, ba ta wasa. Abu ɗaya ta sani: kaset ɗin nan mai zanen agwagwa a jiki.

Malama na durƙushe tana lallashi inuwa ta tare ƙofa. Shugabar makaranta ce, ta riƙe ƙugu. Ta dubi yaran da suka bar kusurwoyinsu suka yi cincirindo, ta dubi mai kukan cizo, sannan ta yafito Malama waje.

"Kin manta gobe masu duba makarantu za su zo? Tsarinki fa za su gani. Ni na kai su na baro da yabo, na ce ajinki kamar agogo yake tafiya. Wannan ne agogon?"

"Ranki ya daɗe, marainiya ce. Muryar uwarta ce a ciki."

"Na sani, ni ma uwa ce. Amma yara nawa gare ki? Guda ɗaya za ki duba ki zubar da sauran? Ki ɗauke kaset ɗin na gobe kawai. Rana ɗaya ba za ta kashe kowa ba. In suka tafi ki sa mata shi har a tashi, ban hana ba."

A ranta Malama ta san akwai gaskiya a maganar, kuma ta san tana son baƙin su yaba. Ta ce to.

Da yamma tana share allo wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, ga ƙugin mota a baya.

"Malamar su Ɗigo ce? Babanta ne. Ki yi haƙuri, ina kan hanya ne, direban babbar mota ne ni." "Malama, yarinyar nan lafiyarta ƙalau kuwa? Goggonta ta kira ni hankali a tashe. Wai ta ce mata Mama tana makaranta, kullum suna hira."

Malama ta zauna a kan bencin yara ta yi masa bayani tun daga farko. Da ta gama ba ta ji komai ba sai ƙugin motar, har ta ɗauka layin ya yanke.

"Baban Ɗigo?"

"Muryarta?" "Muryarta da kanta? Tana magana?"

"Har da dariya."

"Malama, wayarta a asibiti ta ɓata. Hotuna ina da su. Amma murya... wallahi jiya ina tuƙi na yi ta ƙoƙarin tuno yadda take kirana, abin ya ƙi zuwa. Na tsaya a gefen titi kamar mahaukaci." Ya ja hanci. "Jibi da safe zan shigo gari. Ko gida ba zan biya ba, wajenki zan zo in ɗauka a wayata. Don Allah ki riƙe min shi."

"Yana hannuna. Babu abin da zai same shi."

Washegari ta yi sammako. Ta zare kaset ɗin daga rikoda ta sa wani na waƙar haruffa. Tana tsaye da shi a hannu tana neman maɓoya ta hango Ɗigo ta shigo ƙofar makaranta, ita ce ta fari kamar kullum. Durowa? Yarinyar ta san durowa. Jaka? Ta taɓa zazzage ta. Malama ta soke shi a cikin mayafi ta zagaya ta baya zuwa ofishin malamai.

A can kan kabad akwai jan kwando. Kaset ya daɗe da ɓacewa a kasuwa, 'yan waɗanda makarantar ke da su tsofaffi ne da aka tono a sito, don haka ake juya su. Wanda aka gama da shi a jefa a jan kwando, mai buƙata ya ɗauka ya ɗora sabon karatu a kai. Ita Malama da kanta ta kafa dokar. Amma sai ƙarshen zango ake taɓa kwandon, kuma hannun Ɗigo ba zai kai can ba. Ta cusa kaset ɗin can ƙasa, ta jera sauran a kansa, ta koma aji.

Ta tarar da Ɗigo ta buɗe rikoda tana kallon baƙon kaset. Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta ja durowa, ta leƙa jaka, ta ɗaga tabarma, sannan ta zo ta tsaya gaban Malama ta ɗaga kai.

"Ina Mama?"

Wannan ce maganar farko da Malama ta ji daga bakinta tun bayan rasuwar.

"Kaset ɗin ya gaji, na kai shi ya huta. Gobe za ki ji shi, ke da Babanki. Amma sai kin bi ƙararrawa yau."

"Gobe?"

"Gobe. Na yi miki alkawari."

Baƙi suka zo da manyan takalma da ƙananan littattafai. Malama ta kaɗa ƙararrawa, aji ya juya sumul. Jajaye suka ba koraye wuri, koraye suka ba shuɗaye. Ɗigo ta bi layi kamar wadda ake ja da zare, ta haɗa murafen kwalba, ta zauna a tabarma, ba ta taɓa kowa ba. Babban cikin baƙin ya gyaɗa kai ya ce bai taɓa ganin aji ɗaya mai natsuwa haka ba. Shugaba baki har kunne, ta ja su zuwa aji biyu.

Ana tashi Malama ta ruga ofis. Ta sauke kwandon, ta zura hannu ƙasa. Babu. Ta kife shi a kan tebur, kasakasai suka watse. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu agwagwa.



"Ƙawas! Kin ga yadda na burge su kuwa?"

Malamar aji biyu ce ta faɗo ofishin tana fifita da kwali. Anti Gaggawa ake ce mata, don ko gaisuwa a tsaye take yi.

"Da safen nan fa Shugaba ta tare ni, wai ni ma in nuna ko da kusurwa ɗaya ce, kada a ce aji ɗaya ne kawai. Ni da ban shirya komai ba! Na ari rikodar sito, na shige bayan aji na zuba musu ba-be-bi-bo-bu. Ke, har tafi suka yi min! Lafiya kike kallona haka kamar na ci miki abinci?"

"Wane kaset kika ɗauka?"

"Na kwando mana."

"Na sama ko na ƙasa?"

"Haba ƙawas, sai ka ce baƙuwa! Wa ke ɗaukar na sama? Na sama ai su ne masu tauna zare. Ke kika koya min in riƙa lalubo na ƙasa."

Ita ta koya mata. Malama ta dafa tebur.

Anti Gaggawa ta zaro shi daga aljihun jaka. Ta manna farar filasta a jiki ta rubuta GAƁOƁI, amma ƙafar agwagwa na leƙowa ta ƙarƙashin filastar. Malama ta fizge shi, ta yi aji da gudu, ɗayar na bin ta tana tambaya. Ta sa a rikoda, ta mayar farko, ta danna.

"Yara, ku saurara da kyau! Ba! Be! Bi! Bo! Bu! Ku maimaita!"

Ta tura gaba. "Da! De! Di!" Ta ƙara turawa. "Ka! Ke! Ki!" Ta tura har kusan ƙarshe. "Za! Ze! Zi!" Ta juya bayan kaset ɗin, ba komai sai shuuu. Ta kashe.

"Wai mene ne? Ki yi min magana mana!"

"Maman Ɗigo ce a ciki."

Anti Gaggawa ta ɗora hannu biyu a ka ta sulale kan bencin yara. "Na shiga uku! Marigayiyar? Wayyo ni, me ya kai shi jan kwando? Ƙawas, me ya kai shi?"

Idon Malama na kan ɗan harshen roba da ke gefen kaset ɗin, wanda in aka ɓalle shi ba a ƙara iya ɗora komai a kai. Tun ranar da aka yi rasuwar take cewa za ta ɓalle shi. Tsinke kawai yake buƙata.

Washegari da safe Baban Ɗigo ya zo, yara na tsakiyar zagayen farko. Dogo ne, idanunsa jajur don rashin barci, amma ya tsaya wani wuri ya canza riga fes, har da turare. Wayar na hannunsa.

"Malama, ina kwana. Na cika ta da caji, na goge duk tarkacen da ke ciki don kada wuri ya ƙare." Ya yi ɗan murmushin kunya. "Sai ka ce mai zuwa zance, ko?"

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta fito bakin ƙofa, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ba ta jingina wa kowa ba. Ta faɗi baƙin, ta faɗi kwandon, ta faɗi hannun da ya cusa shi ciki.

Ta yi zaton zai yi faɗa, ta ma fi son ya yi. Sai ya tsaya yana kallon wayar, yana shafa gilashinta da babban yatsa.

"Duka?"

"Duka."

"To." "Ba komai, Malama. Haka Allah ya so. Kin dai yi ƙoƙari da kika ɗauka tun farko."

Wannan ba komai ɗin ya fi mari zafi.

Wani ɗan hannu ya ja mata zani. Ɗigo ce, ba ta ko kalli ubanta ba.

"Malama, jiya kin ce gobe."

Malama ta durƙusa. "Ɗigo, kaset ɗin... an yi kuskure. Muryar Mama ta goge. Laifina ne."

"Ba ni."

"Ba Mama ba ce a ciki yanzu, Anti ce."

"Ba ni."

Ta ɗauko ta miƙa mata. Yarinyar ta kankare filastar da farce har agwagwa ta fito, ta je kusurwar sauraro. Yaran da ke wurin suka matsa da kansu. Ta sa kaset, ta mayar farko, ta ɗora hedifon, ta buɗe littafin a cinya, ta danna.

Malama na jiyo siririyar muryar Anti Gaggawa na fita ta gefen hedifon. Ta jira ihu. Ba a yi ba. Ɗigo ta ɗora yatsa a layin farko, ta buɗe baki.

"Agwagwa ta sayi lema. Ja... jar lema." Ta yi tuntuɓe daidai inda marigayiyar ta yi. "Ruwa ya sauko. Agwagwa ta buɗe lema." Sai ta canza murya, ta karya wuya. "Ke kuwa agwagwa, me za ki yi da lema, ba a ruwa kike kwana ba?"

Uban ya shigo ajin bai san ya shigo ba.

"Kaza ta zo a jiƙe. Ta ce, ara min lema. Ɗigo, sauke ƙafarki daga bencin mutane! Yi haƙuri Malama, ina muka tsaya? Yauwa. Agwagwa ta ce, zo mu shiga tare."

"Haka take yi," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Wallahi haka take ja ƙarshen magana." Ya durƙusa a kan tabarma da sabuwar rigarsa, ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

Lokacin juyawa ya yi, ya wuce. Ƙararrawa na kan tebur, Malama ba ta taɓa ta ba. Aji ya yi tsit, har masu surutun baya sun saki murafen kwalba suna kallo.

Ɗigo ta kai shafin ƙarshe ta rufe littafin, amma ba ta cire hedifon ba. Malama ta matso za ta kashe, yarinyar ta kare maɓallin da tafin hannu. Ta zauna tana sauraron za-ze-zi na Anti Gaggawa, fuskarta ba alamar komai, tana jira kamar mai jiran mota a tasha.

Kwatsam ta zabura. Idonta ya buɗe tar. Ta ɗan mayar da kaset ɗin baya, ta fizge wayar hedifon daga jikin rikoda, ta danna.

"...Zo! Zu! Yauwa yara, mun gama."

Ƙas. Ɗan shuuu. Sannan wata murya mai taushi, da dariya a cikinta, ta cika ajin.

"...ke nan, na gama, Malama. Kai, na sha gumi! Wanne zan danna? Wannan? Ɗigo, zo ki nuna wa Mamanki, ke ce 'yar boko."

Dariya. Ƙaramar dariyar yarinya ta shiga cikin tata. Ƙas.

Iyakar abin da ya rage ke nan. Karatun Anti Gaggawa bai kai tsawon na marigayiya ba, kuma Malama jiya ba ta iya jurewa har ƙarshe ba.

Uban ya miƙa wayar, ta kusa suɓuce masa. Ɗigo ce ta riƙe masa wuyan hannu, ta mayar da kaset baya, ta sake dannawa. Suka ɗauka. Ya ce a ƙara. Suka ƙara.

"Ba ta kira ni ba a ciki," ya ce yana share fuska da hannun riga. "Amma ita ce. Ita ce."

Malama ta zare fil daga mayafinta, ta ciro kaset ɗin, ta ɓalle ɗan harshen robar. Ya faɗi ƙasa ko ƙara bai yi ba. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta kasa haɗa ido da shi. Ya sa a aljihun gaban riga ya maɓalle, ya shafa kan 'yarsa, ya ce zai dawo ɗaukarta in an tashi. Ya fita yana dafe da aljihun.

Yara na kallonta. Aiki na jira. Malama ta ɗauki ƙararrawa ta kaɗa.

Ɗigo ce ta fara miƙewa. Ta naɗe wayar hedifon tsaf yadda aka koya musu, ta rataye shi a ƙusa, ta mayar da littafin cikin kwali, ta wuce kusurwar haruffa ta zauna. Ba ta waiwayi rikodar ba. Da zagaye ya sake kawo rukuninta kusurwar sauraro, ta zauna ta ɗora hannu a cinya, hedifon na rataye a gabanta, har aka kaɗa ta tashi.

Shugaba ta leƙo ta taga, ta ga jajaye na ba koraye wuri, babu mai kuka, babu mai cizo. Ta yi murmushi ta ɗaga wa Malama babban yatsa.

"Kin gani ko? Yanzu aji ya zama aji."

Malama ta juya ta fuskanci allo, ta ɗauki tsumma, ta shiga goge wurin da babu rubutu.